Gayyar Kirikiri

Har gobe ban mance da ranar da surukina ya yi mani gayya ba. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya, ku buɗe kunne.

Lokacin ba a daɗe da gama madatsar ruwa ta Goronyo ba. Ina heluma, wato shugaban leburori, wurin wani ƙaramin ɗan kwangila, Alhaji Ummaru na Rabah. Aikinmu ƙawata harabar gidaje: mu dasa darbejiya da furanni, mu shimfiɗa ciyawa. Kasuwar ba daɗi. Manyan ayyuka duk 'yan kwangilar Kaduna ke kwashewa, don rajistarsu ta babban aji ce, mu sai abin da sunka rage. Kuma ba a ɗaga rajistar mutum sai jami'i ya zo ya ga aikin da ya gama da idonsa.

Da ƙyar Alhaji ya samu harabar wani masaukin baƙi kusa da madatsar. A kanta ya ɗora duk burinsa, har bijiman nomansa ya sayar don hayar tankar ruwa. Ciyawar kuwa kirikiri ce. Eh, kirikirin da kuka sani, wadda manomin albasa ke tsine wa! Daga fadamar Rabah munka tono ta, munka dasa, munka yi ta ban ruwa duk tsawon rani, har wurin ya yi kore shar.

Surukina, mahaifin matata Hajo, babban manomin albasa ne a Goronyo. Wata rana na je gaishe shi, ya ce, "Wai mi kake yi wurin Alhajin nan?" Na sunkuyar da kai na ce, "Aikin lambu, Baba." To, ni ɗan manomi, da wane baki zan ce kirikiri nake shukawa, har ina saya mata ruwa?

Ranar duba aiki, tun da sassafe ni da Alhaji munka tafi Sakkwato ɗauko jami'in. Muna dawowa bayan azahar, tun daga nesa munka ji ganga. Alhaji ya ce, "Biki ake nan kusa?" Da mota ta shiga ƙofa sai mi zan gani? Fili fes, jar ƙasa kawai. Majiya ƙarfi cike da haraba, kowa da kalme, wato fartanya, a kafaɗa, makaɗi na zuga su. Can gefe ga ciyawarmu an tara, tana hayaƙi. Mai gadin wurin ya ɗauka ni na aiko su, shi ya sa ya bar su sunka shiga.

Sai ga Baba ya nufo mu, gumi sharkaf, yana murmushi.

"Sannunku da hanya. Ranar kasuwa nib biyo ta nan, nig ga kirikiri ta cinye maka lambu. Nic ce wanga yaro aiki ya yi mai yawa, kunya ta hana shi hwaɗi. Ga shi Hajo ta ce baƙo za ku yi. Kwantar da hankalinka, har saiwa munka tone."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Suruki ne, ko ido ba na haɗawa da shi, balle in ce ya yi ɓarna. Na durƙusa na ce, "Na gode, Baba. Allah shi saka da alheri."

Alhaji ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar. Sai shi ma ya durƙusa ya ce, "Allah shi ƙara girma, Baba." Ya aika a kawo wa 'yan gayya fura.

Jami'in ya ja mu gefe. "Alhaji, ina ciyawar?" Alhaji ya nuna masa hayaƙin. Mutumin ya tausaya, amma ya ce abin da idonsa ya gani shi zai kai ofis. Rajista ba ta ɗagu ba, sauran aikin kuma anka ba wani ɗan Kaduna. Alhaji bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na ji sauƙi. A mota kawai ya ce, "Da ka hwaɗa mashi gaskiya, Mamman."

Da damina ta sauka kirikiri ta dawo, kun san halinta, ta rufe harabar fiye da da. Allon ɗan Kaduna ne a kafe a bakin ƙofa. Alhaji kuwa ya bar kwangila, ya koma awon hatsi a kasuwar Achida.

Abin da na koya shi ne, duk sana'ar da ke ciyar da kai, faɗe ta da sunanta, ko da kirikiri ce. Mutanenmu ba sa ganin nasu cikin wahala su wuce, sai dai a kan abin da ka gaya masu za su taimake ka. Baba har ya koma ga Allah bai san abin da ya faru ba. Duk taron da munka haɗu sai ya nuna ni ya ce, "Wanga yaro, ni nif fidda shi kunya ranar da baƙonsu yaz zo." Ni kuma in durƙusa in sake yin godiya.