Kazar da Ba a Yanka Ba: Tafiyata Sarin Littattafai a Dubai

Kano zuwa Abuja, Lahadi

Ƙarfe biyar da kwata na asuba maigidana ya sauke ni a tasha, na shiga motar Abuja. Ina da 'yar makarantar nazare a Tarauni, kuma littattafai ne suka fitar da ni. Waɗanda muke da su duk hotunan ƙanƙara ne da dabbobin da ko ni ban taɓa gani ba. Ni kuwa na kaza nake so, da akuya da jaki, abin da yaro zai nuna da yatsa ya ce irin na gidansu ne. Yayata Binta, wadda ta daɗe tana sarin jakunkuna a Dubai, ita ta bugo ta ce wani dillali ya samo mini su katan-katan, da araha. Arahar ce ta hana ni sakin jiki.

Shingen bincike bakwai na ƙirga kafin Zuba. Jirginmu ya tashi da la'asar, muka yada zango a Adis Ababa.

Unguwar Naif, Dubai, Litinin

Ƙarfe takwas na safe Yaya Binta ta tarbe ni. Masaukinta yana hawa na uku, mata huɗu a ɗaki, gado bisa gado. Muka ci shinkafar biryani ta dirhami goma sha biyu, na ɗan runtsa.

Bayan azahar dillalin ya zo, Mahamadu, mutumin Maraɗi, dogo, mai saurin magana. Ya miƙo waya yana nuna mini bangon littattafan. Kaji ne jajaye da farare, sai ka ce za su yi motsi.

"Ina hoton cikinsu, Malam?" na tambaya.

"Ciki ma haka yake, Hajiya, pas de problème, ba matsala. Mai su ta rufe kanti, so take ta rabu da su, khalas, shi ke nan."

Da ya fita na ce, "Yaya, kin san mutumin nan sosai?"

"Ya taɓa kai ni wurin takalma, bai cuce ni ba. Amma ki buɗe idonki."

Al Quoz, Talata

Tara da rabi muka hau tasi ni da Mahamadu, minti arba'in muka isa. Rumbunan ajiye kaya ne jere, duk kala ɗaya, ba kowa a titi sai manyan motoci. Na ɗauki hoton lambar ƙofar na tura wa Yaya Binta, na tabbata ya ga na tura.

Mai kayan wata dattijuwar Ba'indiya ce da tabarau. Irin kallon da na yi mata shi ta yi mini. Mahamadu ya jawo katan na sama, na ce a'a, na can ƙasa nake so. Na zaci zan tarar ruwa ya ci su, ko an cika ƙasan da tsohuwar jarida. Lafiyarsu ƙalau, takarda mai kauri. Sai hankalina ya ƙara tashi.

Na zauna a kan katan na karanta ɗaya daga farko. Labarin wata kaza ce da yaran gida suke ba tsaba, suna gyara mata akurki. A shafin ƙarshe ga iyali a tebur, kwanukan wake da ganye, kazar tana yawo a ƙarƙashinsu. An rubuta da Turanci: kaza ƙawarmu ce, mu ba ma cin abokanmu. Na ɗauki na saniya, haka. Na rago ma haka.

"Malam Mahamadu, ka san abin da ke nan ka yi shiru?"

"Me aka rubuta?"

Na fassara masa. Ya riƙe baki. "Wallahi Hajiya Faransanci na yi, shi ma aji huɗu. Hoto kawai na gani." Har yau ban gama yarda da shi ba. Ya sunkuyo ya rage murya: "Shafi ɗaya ne fa. Reza kawai, a cire shi."

Dattijuwar ba ta jin Hausa, amma ta ga yadda ya yi da hannu. Ta fizge littafin ta rungume. Ta ce ita ta sa aka buga su, domin iyalai irin nata waɗanda ba sa cin nama, saboda jikokinta suna kuka in suka ga an yanka dabba a littafi. Wani ma ya zo saye, ashe ƙunshin kaya zai yi da takardun, ta kore shi.

"Ke me za ki yi da su?" ta tambaye ni da Turanci.

Na gaya mata gaskiya. Na ce mu muna cin nama, muna layya, muna yanka rago ranar suna. In na ba yara wannan, yaro ya je gida ya ture kwanon miya, washegari iyaye za su kwashe mini 'ya'yansu. Amma na ce ina da yaran da ke jifan jaki, suna ɗaura wa ɗan tsako zare a ƙafa suna ja.

Ta cire tabarau ta goge. Sai ta jawo kujera kusa da ni. Awa biyu muna bi shafi-shafi. Cikin kala tara, huɗu ba maganar ci a cikinsu, sai irin su ba kaza ruwa, barin maraƙi ya sha nono, jaki ma yana gajiya. Su na ɗauka. Ta sa na yi alkawari ba shafin da zan yaga. Ta kuma ba ni na kazar guda ɗaya kyauta.

Duk da haka ban matsa ba sai da aka liƙe kowane katan a gabana na rubuta sunana, na bi su har ofishin kago, masu aika kaya gida. Ita ma tana tsaye a ƙofa tana duba waɗanda aka fitar.

Komawa, Alhamis

A filin jirgin Abuja, da muka sauka, jami'in kwastan ya buɗe jakata ya ci karo da littafin kazar. Ya juya shi gaba da baya, ya girgiza ko wani abu zai faɗo. Sai ya fara karantawa, layi yana jira, har ya kai ƙarshe.

"Hajiya, ba a yanka ta ba ke nan?"

"Ba a yanka ba, ranka ya daɗe."

"To me ya faru da ita?"

"Tsufa ta yi."

Ya daɗe yana kallon hoton. "Ni dai ban taɓa ganin kazar da ta mutu don tsufa ba," ya ce, ya mayar mini.

Na iso gida Juma'a, biyu saura, ana sakkowa daga masallaci. Katan-katan suka biyo baya da sati uku, cif yadda na liƙe su. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Yaya Binta, Allah ya bar zumunci. Dattijuwar nan kuwa na tura mata hoton yarana sun yi da'ira suna kallon littafinta na jaki. Ta amsa da tambaya ɗaya: shafukan duk suna nan?