Rumfar Tuwo a Hannun Manomi

Ni ce na kawo maganar rumfar tuwon nan, ba maigidana ba, kuma duk Nahuce an san haka. Na je Gusau duba goggona da ke kwance ba lafiya, a shekarun da ake ta aikin hanyar jirgin ƙasa, sai na ga abin da ya hana ni sukuni. Ga leburori nan tuli, ƙarti majiya ƙarfi, sun wuni suna jidar ƙasa a kwando, amma in rana ta take sai ka gan su a gindin itace suna ɓarar gyaɗa suna korawa da ruwa. Na ce a raina, yanzu duk faɗin garin nan an rasa macen da ta iya riƙe muciya?

Na koma gida na sa maigida gaba da maganar mu je Gusau mu kafa rumfar tuwo, safe da yamma, har ya gaji ya ce to. A lokacin mahaifinsu ya riga ya rasu, gandu ɗaya suke nomawa da wansa, wanda dukanmu muke kira Yaya. Yaya mutum ne marar yawan magana, fuskar nan kullum a ɗaure kamar bakin taiki, ni kuwa ko inuwarsa na hango sai in canza hanya. Da maigida ya roƙi a fitar masa da rabonsa na dawa, Yaya bai yi gardama ba. Ya sa aka buɗe rumbu, aka sussuke, aka ɗora wa jakuna. Sai da za mu tashi ya ce, "A gidanmu dai ban taɓa jin wanda ya sayar da tuwo ba, bayarwa muka sani. Amma ku je. Ranar da dawar ta ƙare ku dawo, gida na nan."

Dawar da ke kan jakunan nan ita ce jarinmu gaba ɗaya, ba mu da wata. In ta ƙare rumfa ba ta tsaya da ƙafarta ba, komawa za mu yi, kuma na san matan da za su tare ni a bakin rijiya suna tambayata ya ciniki.

Sabon Garin Gusau a lokacin kullum ka wayi gari sai ka ga sabon abu. Yau an kafa rumfa, gobe an ɗora wa wani kanti rufin kwano. Akwai kantin wani Kwara, Balarabe, mai bandir-bandir na yadi da gishiri da kananzir, da madubi babba a ƙofa wanda mutanen ƙauye ke yi wa sallama. Akwai tela Banufe da keken ɗinkinsa, mutane su tsaya cirko-cirko suna kallon ƙafarsa. Wani mahauci daga Bungudu ya gina tukuba yana gasa tsire, hayaƙinsa kaɗai ya isa ya raba mutum da abin aljihunsa. Dab da mu kuma wata Bayarabiya ce, kowa Iya yake ce mata, tana suyar ƙosai tana sayar da wani abu wai shi burodi. Na ɗanɗana sau ɗaya na ce wannan ai iska aka gasa.

Muka kafa tamu rumfar da zana a gaban gidan da muka samu. Ni ina ciki bayan danga, ina surfe da niƙa da tuƙi, ina kaɗa miyar kuka da daddawa da ɗan man shanu. Maigida yana waje da akusa da tabarmi da butar wanke hannu. Zama a bakin hanya cikin ƙarti ba na matar aure mai ƙuruciya irina ba ne, da na gwada da Yaya ya zo da kansa ya kwashe mu. Shi ya sa ciniki ya faɗa hannun maigida, Allah ya ji ƙansa, mutumin da bai taɓa sayar da ko ƙwai ba.

Ranar farko ina jin mutum ya yi sallama a rumfa, sai na ji maigida ya amsa da fara'a, ya ce, "Bismillah, matso kusa." Mutumin ya ci, ya sha ruwa, ya yi gyatsa, ya ce Allah ya ƙara arziki, ya kama gabansa. Maigida ya leƙo ciki yana murmushi.

"An yaba miyarki," in ji shi.

Na ce, "Madalla. Ina abin?"

"Wane abu?"

"Abin da ya bayar mana, Malam."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Haba! Ni fa na ce masa bismillah da bakina. Ka ce wa mutum bismillah, sannan ka miƙa masa hannu?"

Innalillahi! Na zauna a kan turmi na riƙe kai.

Gaskiya leburorin da suka zo daga nesa ba su cuce mu ba. Su sun san gari, in sun ci sai su ajiye kwabonsu a kan faifai, maigida ya kau da kai kamar an yi abin kunya a gabansa. Masifar daga namu ta zo, manoman da ke kawo gyaɗa da auduga wurin awo daga Bungudu da Wonaka da Tsafe. Kafin wata ya zagayo labari ya bazu cewa wani ɗan Nahuce ya buɗe zaure a Sabon Gari. Zaure fa suke cewa, ba rumfa ba! Kuma ba zan ce mugunta ce ba. A wurinsu in ɗan gida ya zauna ga akushi a gabansa ya amsa maka sallama, to ka zama baƙonsa, ka zaro kuɗi kuwa ka zage shi.

Na kafa masa doka, na ce kalmar nan kada ta sake fita daga bakinsa a rumfa. Ya yarda, kuma ya cika alkawari, don shi ba ya saɓa magana. Sai dai ban hana shi gaisuwa ba, nan na yi sake. Mutum zai zauna, maigida ya ce daga ina, ya ce daga Tsafe. Tsafe wace unguwa? Gidan wa? Ina jin su ta danga suna bin dangi kamar masu tsefe kitso, har a gano cewa kakar mutumin ta taɓa aure a gidan kawun mahaifiyar maigida. Shi ke nan, an zama 'yan'uwa, a ƙaro malmala. Wannan mutumin Tsafen, dogo mai ƙaton rawani, daga baya ko auduga bai kawo ba sai ya zo duba zumunci.

Iya tana kallon komai daga gaban kaskonta. Ita ko ɗan cikinta ya ɗauki ƙosai sai ta tambaye shi dalili. Wata rana ta shigo ta same ni a kan dutsen niƙa ta ce, "Mijinki mutumin kirki ne ƙwarai. Ki ɗauke shi daga wurin nan." Muka ƙulla dabara: da rana ta yi tsaka in aike shi sayen itace, ita ta tsare mana rumfa. Ranar farko abin ya yi kyau. Rana ta biyu dangin namu suka zo, suka ga Iya, suka gaishe ta cikin ladabi, suka ce ba komai, za su jira maigidan. Suka baje a inuwa suna taunar goro har ya dawo da itacen a ka, yana ba su haƙurin ya sa su jira.

Taikunan dawa suka yi ta kwanciya ɗaya bayan ɗaya, har ya rage na ƙarshe, shi ma ya fara lanƙwasa wuya. Ga bazara ta shigo, hadari ya soma haɗuwa ta gabas. Ran nan ina niƙa hawaye suka zubo mini a kan garin. Na gaya wa maigida ƙiri-ƙiri cewa tsoro nake ji, ba na son komawa Nahuce a haka, kuma haushinsa nake ji. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Na sani. Kullum da niyyar in tambaya nake fita. In na ga fuskar mutum sai bakina ya ƙi." Da ya yi gardama da na samu abin kamawa, amma wannan sai tausayinsa ya kama ni, haushin kuma yana nan bai tafi ba.

Ana cikin haka wata rana da azahar, rumfa cike da dangi, sai na ji surutu ya ɗauke ɗif. Na ɗora ido a wata 'yar kafa da ke jikin zana. Yaya ne, da sandarsa da ƙurar hanya har gwiwa. Na ce shi ke nan, labari ya kai masa, ya zo ya kora mu gida.

Maigida ya zabura ya durƙusa. "Sannu da zuwa, Yaya. Mu shiga daga ciki."

"A'a," in ji Yaya. "An ce mini nan ake sayar da tuwo. Ko an daina?"

"Ana... ana yi."

"To, a zubo mini."

Ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarma cikin mutane kamar kowane matafiyi. Na zuba, maigida ya kai masa. Ya ci a tsanake, yana ci yana gaisawa da na kusa da shi ɗaya bayan ɗaya, don duk ya san su, ya san iyayensu. Ya tambayi dogon Tsafe ya kasuwar auduga, shi kuma ya yi ta gyaran murya. Da ya gama ya wanke hannu, ya sa hannu a ƙugu ya kwance lalitarsa, ya zaro kwabo ya ajiye a kan faifan da ke gaban ƙaninsa.

Ban taɓa ganin fuskar maigida ta koma haka ba. A wurinmu in yayanka ya ci abincinka ya biya, ya ce maka ke nan shi da kai babu komai.

"Yaya," ya ce, "mi na yi maka?"

"Ɗauki."

"Wallahi ba ni iyawa."

"Ɗauki, na ce." Yaya bai ko dube shi ba, mutanen da ke tabarma yake bi da kallo. "Ni da muka sha nono ɗaya da shi, ni da na yi noman dawar nan da hannuna, na ci a rumfarsa na biya. Ban san ko akwai wanda ya fi ni kusa da shi a nan ba."

Kai, ka ga lalube! Wannan ya sa hannu a aljihu, wancan ya cire hula yana duba cikinta, wani ya kwance bakin zani. Dogon Tsafe ya warware kusan rabin rawaninsa kafin ya kai ga inda ya ƙulle nasa, yana cewa ai dama yau da niyyar haka ya fito. Iya ta bar ƙosai a wuta ta zo ta tsaya, hannu a ƙugu, don kada a ba ta labari. Maigida ya miƙa hannu ya ɗauki kwabon Yaya, hawaye na bin gemunsa.

Daga ranar ba wanda ya sake zaman jiran maigida a inuwa, kuma da cinikin kwanakin da suka biyo muka auno dawa a kasuwa tun kafin tamu ta ƙare. Amma wannan daga baya ne. A ranar, da mutane suka watse, maigida ya shigo gida ya zauna a ƙofar ɗaki ya sunkuyar da kai, ko ni bai kalla ba. Na rasa ta inda zan fara, murna na cina, ga mutum kuma kamar an yi masa rasuwa.

Sai muka ji sallama a ƙofar gida. Yaya ya shigo, na yi maza na shimfiɗa masa buzu na kawo ruwa, na gudu bayan danga na laɓe.

"Wancan na kasuwa ne, bai riƙe mini ciki ba," in ji shi. "Ina na gida?"

Na miƙo akushin da na ajiye mana, maigida ya karɓa ya dire a gabansa, ya ja da baya zai koma gefe. Yaya ya kama bakin rigarsa ya zaunar da shi, suka sa hannu tare. Suna cikin ci maigida ya ɗago kai.

"Na zaci fitar da ni ka yi daga gida, Yaya."

"Wanda aka fitar daga gida ake takowa tun daga Nahuce a ci tuwonsa sau biyu?" Ya gutsuri loma. "Ruwa ya kusa sauka. Gefen gonarka ni zan shuka maka shi bana, kai ka zauna ka tsare rumfarka." Sannan ya ɗaga murya ba tare da ya juyo ba. "Ke kuma da ke laɓe kina ji, ƙaro mana miya."

Na fito da ludayi, idona ya cika ban gani sosai, na zuba masa har ta malala a kan buzu.