Motar Auta a Busasshen Tabki

Ƙanena, wanda duk gida muke kira Auta, ya dawo daga Libiya a shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, bayan daminar da ta gaza mana. Rumbuna sun yi sauƙi tun sanyi bai fita ba, tabkin da ke bayan garinmu, Gidan Amumune, ya bushe har ƙasansa ya tsage. A irin wannan shekara duk wanda ya dawo daga ci-rani hannunsa ake duba. Auta ya zo da jaka ɗaya, da buhun shinkafa da ya saya wa Inna a Tasawa, da wani kwali da ya rungumo tun daga Agadas, bai yarda an ɗora shi bisa kaya ba.

Mota ce a cikin kwalin, tsawonta kamar kamu guda, tayoyinta masu ƙaya-ƙaya. Tana da inji na gaske wanda bai fi dunƙulen hannu ba, yana shan wani mai na musamman da ba isansi ba, wato ba fetur ba, ana tuƙa ta daga nesa da wani akwatin hannu mai eriya. Ɗan maigidan da Auta yake yi wa ban-ruwan lambu ne ya ba shi ita da ya sayi wadda ta fi ta girma. Auta ya iya tuƙa ta, amma bai taɓa kwance ko noti ɗaya a jikinta ba.

Ranar da ya fara zama a fada, wurin da muke shan shayi da la'asar, ya ce motar tana wuce moto, wato babur, a gudu. Ɗan kawunmu yana wurin. Taubashinmu ne, yana kabu-kabu tsakanin garinmu da Mayahi, kuma shi ke gyara wa rabin gari baburansu.

"Wace moton? Ta kara?" in ji shi.

"Taka ɗin nan da kake gogewa sahe da marece."

"To kawo ta gobe mu gani, mutumin Turabulus."

Da safe Auta ya tada ta a tsakar gida don ya gwada. Ta yi ƙara, ta zagaya turmi, kaji suka watse, Inna ta ɗauke ƙafa tana dariya. Ba mu lura ba ashe soson da ke tace iska ya faɗi a hanya, injin yana zuƙar yashin gidanmu kai tsaye. Kafin la'asar ya mutu. In ka ja igiyar tada shi sai ta biyo ka sakayau, babu wani ƙarfi a ciki. Mutane suka taru a fada suna jira, Auta ya ja igiya har tafinsa ya yi kanta, ba ta tashi ba.

Daga ranar sunansa ya koma Ta-wuce-moto. Da farko wasa ne na taubashi, amma sunan ya bi gari. Wata rana aka yi gardama kan cinikin akuya da aka yi a gaban Auta, aka ce a kira shi shaida, sai wani dattijo ya ce a nemo wani dai. Auta ya ji labari. Ya daina zuwa fada, ya daina ba da labarin komai ko a cikin gida, ya fara tambayar yaushe motocin Agadas ke tashi. Inna ta same ni a rumfata ta ce, "In ya sake shiga sahara da wannan baƙin cikin, ban sani ba ko zan ƙara ganin shi."

Ni rediyo da agogo nake gyarawa, karatuna bai wuce firamare ba, kuma ban san inji ba. Abin da nake da shi ƙananan sukurdirebobi ne da hantsaki. Na sa Auta ya kira wani abokinsa da ke can Libiya, muka roƙe shi ya nemo mana inji. Aka daɗe. Zafi ya yi tsanani kafin wani mutumin garin Maijirgi da ke dawowa gida ya kawo mana shi naɗe cikin rawani, tare da galan na mai da soso sabo.

Sabon injin ya ƙi juyawa. In ka murza shi da hannu yana tafiya, sai fistan ya kusa kai sama ya cije. Taubashi ya zo ya murza, ya ce, "An cuce ku, wannan ya kama. Ba ni shi in goge mai ciki da takarda mai yashi, yanzu ya saki. Haka nake yi ma kowace moto."

Auta ya yarda. Ni na ƙi, kuma ba don na san wani abu ba. Tsoro na ji. Na ce ƙarfen da aka goge ba ya komawa, kuma ba mu da wani injin bayan wannan.

"Kai dai ko ruwa za ka sha sai ka leƙa randa sau bakwai," in ji taubashi.

Na ajiye injin bisa teburina ina dubansa, ina murza shi duk lokacin da hannuna ya sami sarari. A haka na lura da safe yana cijewa sosai, amma da azahar, in rana ta gasa kwanon rumfa, sai ya wuce da ɗan sauƙi. Na gwada washegari, na sake gwadawa, don ban yarda da hannuna ba. Da na gaya wa Auta sai ya dafe kai, ya ce ya tuna ɗan maigidansa yana hura wa sabon inji iska mai zafi da abin busar da gashin mata kafin ya tada shi. Muka shanya injin a rana bisa murfin tukunya har ya fi ƙarfin taɓawa, muka ɗaura shi, Auta ya ja igiya. Ya tashi. Muka bar shi yana aiki a hankali, tayoyi a sama bisa bulo, yana tofar da mai da hayaƙi, tanki bayan tanki, har ya saki da kansa.

Sai wahalar ambirayaj ta fito, abin da mutanen Najeriya ke kira kuloci. Wani ɗan kofi ne na ƙarfe mai haƙora a bakin sandar inji, a cikinsa akwai ƙananan takalma uku, kowane da siririn risor, wato 'yar murɗaɗɗiyar waya mai miƙewa ta dawo, da ke riƙe shi. In inji yana numfashi a hankali takalman suna kwance, mota na tsaye. In aka ba shi wuta sai su buɗe su kama kofin, tayoyi su juya. Sandar sabon injin ta ɗan fi ta tsohon tsawo, kofin yana ta wasa gaba da baya. Na yanka ƙananan zobba daga gwangwanin tumatir, na goge su da dutse, na cike wurin. Na ce wa Auta mu ƙara gwadawa a gida, amma ya ƙosa, ya ɗauke ta sai fada.

A hannunsa tana ihu, tayoyi na juyawa kamar za su fice. Yana ajiye ta ƙasa sai ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Ya sake tadawa, ya ajiye, ta sake mutuwa.

"Yanzu na gane," in ji taubashi. "A sama take wuce moto. Sai a ɗaura ma tawa fiffike mu gwada."

Ko masu kunyar Auta sun yi dariya. Ya mayar da ita kwali, ya ajiye a rumfata, ya ce, "Yaya, ka ba yaranka su yi wasa da ita. Ni tahiya zan yi."

Na roƙe shi ya jira kasuwa ɗaya. Da na buɗe kofin sai na ga risor ɗaya ya karye, takalminsa ya zauna a buɗe yana kama kofi tun inji bai yi ƙarfi ba, nauyin motar kuwa yana shaƙe shi. Na gwada risor na biro, ya yi laushi. Na gwada zaren wayar birki, ya miƙe bai dawo ba. Na kwance wani tsohon agogon tebur, nasa ya yi faɗi. Ina zaune a gida da karyayyen risor a tafin hannu, matata ta sunkuya tana zuba mini fura, sai idona ya faɗa kan fil ɗin da ta maƙale mayafinta da shi. Gindinsa murɗaɗɗe ne daidai da abin da ke hannuna.

"Ara mini wannan," na ce.

"Malam, yau kuma mayahina za ka gyara?"

Na karɓi uku iri ɗaya a wurinta, don na ji tsoron in ɗaya ya fi sauran ƙarfi takalman ba za su buɗe tare ba. Na yanke su, na lanƙwasa da hantsaki, na canza duka. Tsakanin haƙoran kofin da na babbar giya na sa ɗan yankin takarda kafin in ɗaure inji, kamar yadda Auta ya ce ya ga ana yi, don kada su matse juna. Muka tada ta a gida, muka ajiye. Ta tsaya cik tana numfashi, tana jira. Auta ya taɓa abin ba da wuta, ta tafi sumul ta dawo. Na sa ya maimaita har ya gaji da ni.

Muka tsayar da ranar kasuwa don tsere da taubashi. Saura wuri da kuma hukuma. Yashin garinmu yana nutsar da ƙananan tayoyi, ƙasa mai tauri kuwa babu sai cikin busasshen tabki. A kwanakin nan hadari ya fara haɗuwa a gabas, ana fita roƙon ruwa. Ina cikin sahu na kama zuciyata tana so ruwan ya ɗan jira ranar kasuwa ta wuce. Na yi istigfari mai yawa, na ce Allah ya saukar da shi ko yau, motar ta haƙura.

Batun hukuma kuma, zamanin soja ne, ga taro, ga akwati mai eriya, ga ƙara kamar ta bindiga mai sarrafa kanta. Na hau mota zuwa Mayahi na je wurin jandarmomi da kwalin a hannu, na yi bayani da ɗan Faransancin da ya rage mini. Babbansu ya juya motar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya tambaye ni wace rana ce. Ya ce zai zo ya duba da idonsa.

Ranar kasuwa da hantsi mutane suka cika bakin tabki, har Fulanin da suka kawo shanu sayarwa. Babban jandarma ya tsaya a gefe da hannuwa a baya. Aka sa iyaka daga gindin gawo zuwa tsohuwar rijiyar da ke ɗaya gefen. Ni na durƙusa ina duba soson iska da na ɗaure da zare, na sake dubawa, sai da Auta ya ce, "Yaya, tashi haka nan."

Taubashi ya hau motonsa yana ba ta wuta. "Ka yi mata bankwana, kar in taka ta."

Wani Bafillace ya ɗaga sandarsa ya sauke. Kafin taubashi ya saka giya ta biyu, motar ta riga ta yi nisa, farin hayaƙi na bin ta, tana tsallake tsagar ƙasa kamar ba ta taɓa ta. Ni ban ga isarta rijiya ba, na rufe ido ina jiran jin risor ya karye. Hayaniyar mutane ce ta sa na buɗe. Auta ya juyo da ita, ta gamu da taubashi yana tsakiyar tabki, ta zagaye shi, ta dawo ta tsaya a gaban ƙafafunmu tana numfashi a hankali, ba ta mutu ba.

Taubashi ya dawo ya kashe moto, ya cire hula ya kaɗe ƙura. "Tayata ta baya ba iska," in ji shi.

"A sake in kana so," in ji Auta.

Aka sake, ta sake wuce shi. Babban jandarma ya nemi a ba shi akwatin ya gwada, ya kai ta cikin ƙaya, na tafi da gudu na ciro ta. Dattijon nan da ya ƙi shaidar Auta ya matso, ya daɗe yana kallon motar, sannan ya miƙa masa hannu ya ce, "Ashe gaskiyarka, ɗana."

Da la'asar Auta ya zo fada ya zauna a tsohon wurinsa. Taubashi da kansa ya miƙa masa kofin farko ya ce, "Ta-wuce-moto, ba mu labarin tekun Libiya." Sunan bai fita ba, har yau da shi ake kiransa, kuma yana amsawa. Bai koma Agadas ba. Da ruwa ya sauka tare muka yi shuka, tabki ya cika, motar ta koma kwali a kan teburina da fil uku na ajiya da na sake karɓa wurin matata.

A labarin tekun ya ce ya ga kifin da ya kai tsawon amalanken jaki, kowa ya gyaɗa kai. A hanyar gida na tambaye shi ko da gaske ya kai haka. Ya ce to, wataƙila ban da jakin. Na ce gobe ya koma ya faɗa musu ban da jakin.