Ƙwayoyin Gwaggo da Suka Ƙi Mutuwa

Shekarun baya, lokacin ina digiri na biyu a Zariya, bincikena a kan wani sinadari ne da ke ba ƙwayoyin jiki umarnin rabuwa gida biyu. Idan ciwon daji ya kama mutum, sinadarin kan yi yawa, shi ne muke duba ko za a iya gano cutar da wuri ta hanyarsa. A gida Kudan kuwa, duk bayanin da na yi, likita suke ce mini, alhali ko allura ban iya yi ba.

Ana haka aka gano gwaggona, ƙanwar mahaifina da ke aure a ƙauyen Taba, tana da ciwon a mama. Kafin a yi mata aiki na tambaye ta ko za ta yarda a ba mu kaɗan daga abin da za a cire. Ta yi dariya, ta ce mu kwashe duka, me za ta yi da shi.

Malamina ya ce kada in sa rai, ba kasafai irin waɗannan ƙwayoyi ke rayuwa a kwalba ba. Na gwaggo suka kama. Kullum sai in canza musu ruwan da suke ci, in mayar da su akwatin ɗumi.

Da damina gwaggo ta rasu. Ni na riƙa zuba ruwa da ake mata wanka. Bayan sadakar uku na koma makaranta, na tarar an ɗauke wuta tun tafiyata, janareto kuma ya lalace. Kwalaben abokan aikina duk sun mutu. Na ɗauko tawa zan zubar, sai na ce bari dai in duba. Da rana tsaka ne, ba kowa a ɗakin gwajin sai ni. Na sa ido a madubin ƙara girman ƙananan halittu, na ga sun kusa cika kwalbar. Wata ƙwaya ta dunƙule, na kasa tashi, ina kallonta har ta tsuke a tsakiya ta zama biyu. Ban san lokacin da na yi mata sallama ba.

Ƙawata ta ce ba abin mamaki ba ne, ƙwayoyin daji taurin rai gare su. Na sani, ni ma na rubuta hakan a aikina. Amma daga ranar ban sake shiga ɗakin ni kaɗai ba.

Da na je gida na ba mahaifina labari. Yana feren rake, sai ya ajiye wuƙar.

"Uwata, ke nan ba mu binne ta duka ba?"

Na ce masa ai cutar ce, ba gwaggo ba. Ya tambaye ni cutar daga jikin wa ta fito. Sannan ya ce, "Ita ta ba ki, ba zan hana ba. Amma in kin gama, ki dawo mini da 'yar'uwata."

Da na kammala awon, malamina ya amince in mayar da ƙwayoyin gida. Na zuba musu maganin da ke kashe su, na duba har na tabbatar ba mai rai, aka liƙe kwalbar. Mahaifina ya naɗe ta a farin ƙyalle, shi da mijin gwaggo suka kai ta maƙabartar Taba, suka binne kusa da ita.

Har yau aikin nake yi, ina kuma ganin amfaninsa. Sai dai duk kwalbar da aka miƙo mini da lamba a jiki, nakan tuna akwai masu ita a wani ƙauye, in yi wa mai ita addu'a kafin in buɗe. Ranar jana'izar gwaggo ban yi kuka ba, har mata suna yaba haƙurina. Ranar da na zuba maganin nan da hannuna na yi shi.