Ranar Da Na Ba Teku Baya

Wata Asabar ce cikin dogon hutu, shekarar da na gama aji shida na firamare, na ji yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafafuna alhali ban motsa ba. Ina tsaye a bakin teku a Legas, ruwa iya idon sawu, na juya masa baya ina murmushi, don Kawu Bello ya ɗaga wayarsa ya ce in buɗe haƙora. Kawu ƙanen Innarmu ne, fataucin albasa yake yi, shi ya roƙi Baba a bar shi ya tafi da ni in buɗe ido tunda na ci jarrabawa.

Kwananmu huɗu ke nan a garin, komai baƙo. Zufa ba ta bushewa a jiki. Zanen da na shanya ya kwana biyu da danshi, alhali a gidanmu na Gawon Nama kafin ki gama wanki na farko ya bushe ƙayau. Ruwan sama ya sauko ba iska ba gargaɗi, mutane kuma ba su fasa tafiyarsu ba. Kawu bai bar komai ba: ya ɗauke ni a gindin kwakwa, a kan gadar da na kasa ganin ƙarshenta, har gaban tulin albasarsa a kasuwa, duk don Inna ta gani.

Ruwa kuwa ban taɓa ɗaukarsa abin tsoro ba. Duk hutu a Dundaye nake yi wurin Kaka, mu wuni korar tsuntsaye a fadamar shinkafa, da yamma mu gangara gulbi da tukwane, mu darje su da yashi, mu yi ta watsa wa juna ruwa har a aiko kiranmu. Kaka takan ce, "Gulbi ba shi cin na gehe." Gaskiyarta, gulbi hanya ɗaya ya sani. Ba wanda ya gaya mini akwai ruwan da ke zuwa ya koma da abin da ya tarar. Ga shi na ƙi tuɓe sabon hijabina na Sallah mai kaiwa ƙasa, ina so ya fito a hoto.

Sai na ga Kawu ya sauke wayar, fuskarsa ta sauya. "Asma'u, taho! Taho nan maza!" Ban kai ga ɗaga ƙafa ba wani abu ya buge ni a gadon baya. Hijabin ya sha ruwa ya naɗe mini kai da hannuwa. Na buɗe baki in yi salati, gishiri ya cika shi. Ban san ina ne sama ba, ina ne ƙasa. Na taɓa yashi da gwiwa, na ce na samu, aka sake fizge ni. Kawu bai iya ruwa ba, ni ma na sani, ko a cikin wannan halin na sani. Daga nan na daina kokawa.

Masunta ne da ke jan koma a kusa suka cafko ni ta ƙafa. Wata mai sayar da kifi ta kifa ni tana danna bayana, tana faɗa da Kawu cikin yaren da ba mu ji, shi kuma yana ta ce mata na gode.

Yau na gama sakandare, ƙawayena suna turo hotunan inda suka je yawo ina taya su murna. Amma ko buta aka tuntsurar a bayana sai gabana ya faɗi, kuma na bar kwana da fuska a rufe. Ina kewar yarinyar nan da ba ta waiwaye.

A ranar da abin ya faru, a wani ƙaramin asibiti, bayan la'asar, Kawu ya shigo da takalmi ƙafa ɗaya, wandonsa na ɗiga. Ya durƙusa a gefen gadon ya ce, "Likita ya ce babu ruwa cikin ƙirjinki. Kin tsira, ɗiyata. Don Allah kak ki hwaɗa ma Innarki, yanka ni za ta yi." Ya yi dariya, sai kuka ya ƙwace masa.

Kunnena ya ji shi tun a ranar. Jikina ne har yau bai ji ba.