Muryar Yaya Zulai a Ɗakin Sama

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Zulaihatu, wadda duk Hausawan unguwarmu ta Highbridge ke kira Yaya Zulai. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba. Ina aikin kula da tsofaffi a wani gidan jinya a Bronx, in na dawo gida ko takalmi da ƙyar nake cirewa, balle in riƙe biro. Bana ma da na yi shiru, ba don abin da ya same ni makon jiya ba.

Yaya Zulai ta yi shekara goma sha ɗaya tana shara da goge-goge a wani tsohon gida a ƙasan Manhattan. Gidan wani attajiri ne tun zamanin da ake hawa keken doki a birnin nan. Da zuriyarsa ta ƙare sai aka mayar da shi gidan tarihi, aka bar kujeru da gadaje da madubai yadda masu su suka bar su, aka ja igiya don kada a taɓa. Amma yawancin masu zuwa ba kujeru ke kawo su ba. Ana cewa autar mai gidan, wadda ta tsufa ta mutu a ciki, har yau fatalwarta na yawo a kan matakala.

Na taɓa tambayar Yaya ko ba ta jin tsoro. Tana shafa man zafi a gwiwa ta ce, "Ke Ladi, wadda ta shiga kabari tana da abin da ya dame ta. Ni da nake hawa matakalar nan sau goma a yini, na san ba mai dawowa daga lahira saboda ita."

Ɗaki ɗaya take so a gidan, na can ƙololuwa, inda 'yan aikin gidan ke kwana a da. Gadajen ƙarfe ne da 'yar taga. Takan ce su ma baƙi ne da suka ƙetaro teku, suka ƙare ƙuruciyarsu suna hawa da gawayi da ruwa, ga shi ko hotonsu babu a bango. Kusa da ɗakin akwai wani ɗan sito, a nan aka yarje mata ta riƙa yin sallar azahar. Ta sha ce mini in zo in gani, ni kuma kullum sai in ce wani makon. Ranar wata Talata da safe ta yanke jiki ta faɗi a tashar bas, zuciya ce. Aka binne ta a maƙabartar Musulmi a New Jersey, ban je gidan ba.

Sai makon jiya na je. Wata Baturiya matashiya ce ta zagaya da mu, mu kamar goma, kowa ya ɗaga waya yana fatan ya kama inuwa. Ni ina baya ina hawa a hankali, yanzu na san abin da gwiwar Yaya ke faɗa. Da muka isa sama sai Baturiyar ta sassauta murya. Ta ce shekarun baya baƙi da yawa sun ji muryar mace daga bayan ƙofar siton nan, kullum da tsakar rana, tana raɗa da wani harshe da ba wanda ya gane, katakon ƙasa kuma yana ƙara kamar ana durƙusawa ana tashi. Ta ce ana zaton ɗaya daga cikin 'yan aikin ce. Abin mamaki kuma, kusan shekara bakwai ba a sake jin ta ba.

Wani ya ce tsigar jikinsa ta tashi. Ni kuwa zama na yi a kan matakala.

Da aka watse na tare Baturiyar. Na ce, "Muryar nan ta yayata ce. Salla take yi. Ita ke share gidan nan." Fuskarta ta yi ja, ta ce wallahi ba ta sani ba, shekara uku kawai ta yi a wurin, haka aka ba ta labarin. Ta ba ni haƙuri, ta rubuta sunan Yaya a bayan wata takarda, ina faɗa mata harafi-harafi. Ta ce za ta gaya wa manyanta, sai dai baƙi na matuƙar son wannan labarin. Na gane abin da take nufi. Da ina da ƙarfin da nake da shi lokacin da na zo ƙasar nan, da na nemi ganin manyan. Na dai yi godiya na sauko.

A jirgin ƙasa na yi ta tunanin me Yaya za ta ce. Ina jin dariya za ta yi har da hawaye, sannan ta tambaye ni ko ana goge ƙarƙashin gadajen ƙarfen. Ba a gogewa, na duba. Ban san kuma me za ta ce da Highbridge ta yau ba, inda rabin maƙwabtanmu suka tashi, can unguwar Harlem ma shagon da take sayen daddawa ya koma gidan shan kofi. Gidan tarihin ya adana har matajin kan autar attajiri. Kayan Yaya kuwa a yini ɗaya muka raba su, don mai gida na son ɗakinsa.

Abin da ya rage mata mutane ne. Mu mata shida ne da muka fara kwana a falonta ranar da muka sauka birnin nan, wata mako biyu, wata shekara guda, ba ta taɓa tambayar ranar tafiya ba. Duk shekara mukan taru mu yi mata addu'a. Ranar Juma'a muka taru a ɗakina, na ba su labarin. Aka yi dariya. Hajiya Mariama 'yar Maraɗi, wadda ta girme mu duka, ta daɗe tana juya carbinta kafin ta ce, "To ke Ladi, mene ne na ɓacin rai? Mutane nawa ne za su mutu har waɗanda ba su san su ba su shaida cewa ba su fasa salla ba?"

Muka ɗaga hannu. Allah Ya jiƙan Zulaihatu, Ya ba ta hutun da ba ta samu a nan ba.