Mai Waigin Karusa

Yayana Marudu bai taɓa riƙe muƙami a haikalinmu ba. Aikinsa kwana ɗaya ne a shekara, ranar da Ubangiji Shiva, abin bautarmu, ke fitowa ya zaga gari a karusa. An sassaƙa ta da siffar hasumiyar haikalin, tsawonta ya kai bene hawa uku, ƙafafunta sun fi mutum tsayi, kuma ba ta da birki balle sitiyari. Ɗaruruwan mutane ke jan igiya, Yaya kuwa yana gindin ƙafa da waigin icen tsamiya. Da shi yake karkata ta, da shi yake tsayar da ita. A hannun babanmu ya gaji aikin. Sauran kwanakin shekara gyaran keke yake yi, yana ta masifa da masu kawo faci.

Shekarar da ya cika sittin, kwamitin haikali ya malale kwanar ƙofar gabas da siminti. A nan hanya ke gangarawa zuwa rumfar dutse mai ginshiƙai goma sha shida, wadda kakanninmu suka sassaƙa, inda tsofaffin mata ke zaman kallo. Yaya ya sami shugaban kwamitin, Sundaresan.

"Ranka ya daɗe, waigi ƙasa yake cizo. A kan siminti zamewa zai yi."

"Kai Marudu, tsufa ne ya fara taɓa ka. In ka gaji ka faɗa mana."

Har yau in na tuna dariyar mutumin nan raina ɓaci yake.

Ranar bikin ina cikin rumfar tare da tsofaffin. Ganguna na tashi, karusa ta doso kwana tana rangaji. Yaya ya jefa waigi na farko, ya sulale kamar sabulu. Na biyu ma haka. Masu ja suka saki igiya, amma gangara ta riga ta karɓi karusar. Mu kuwa ba wurin gudu, jama'a sun toshe ko'ina. Tsoro ya kama ni har na kasa ihu.

Sai na ga Yaya ya durƙusa da waigi na ƙarshe. Bai jefa ba. Tura shi ya yi ƙarƙashin ƙafar, ya danne da hannu don kada ya zame. Icen ya yi ƙara, ƙararrawoyinta suka kaɗa gaba ɗaya, karusa ta tsaya. Tsakaninta da ginshiƙin farko bai kai kamu ɗaya ba.

Na kutsa na same shi ya naɗe hannun dama da mayafin kafaɗarsa, yana tura yashi da ƙafa a kan wani ɗigon jini.

"Yaya, mu gani!"

"Rufe min baki, Selvi. In malaman haikali suka ga jini za su tsayar da komai sai an yi tsarki. Kina so Ubangiji ya wuni a titi?"

Da hannun hagu ya ƙarasa sauran kwanonin hanya uku. Sai da karusa ta koma mazauninta ya yarda muka tafi asibiti, aka yanke yatsu uku.

Kafin bikin gaba aka fasa simintin, ba wanda ya ce masa ya yi gaskiya. Wani aka ba waigin, don hannun ba ya iya riƙo. Yanzu a rumfar yake zama tare da mu, in karusa ta doso kwana sai in ga ragowar yatsun nan biyu suna motsi a kan gwiwarsa.